Moɗa Mai Jan Gefe

Jikar yayana ce ta fama mini wannan tsohon miki. Ta tare a sabon gida, ta zo gaishe ni, muna cikin hira sai ta zaro waya tana nuna mini hotunan shuke-shuke, wai in taya ta zaɓen wadda za ta ajiye a falo. Duk moɗa ce, ba ta ɗiban ruwa a randa ba, shukar nan mai dogayen ganye a tsaye kamar takubba. Akwai mai ruwan ɗorawa a gefe, akwai gajera, akwai mai mulmulallen ganye. Tana turawa da yatsa ina cewa to, to. Can sai ta ce, "Ko dai in je babban gida in ɓallo irin ta Kaka, Hajiya? Wadda aka binne da siminti ta sake fitowa?"

Na ce ta mayar da wayarta jaka. Ta zaci hawan jinina ne ya motsa, har ta miƙe za ta kawo mini ruwa. Ba hawan jini ba ne. Wata ƙarya ce da aka kafa a gidanmu na Fagge tun Turawa ba su tafi ba, ga ta yau a bakin yarinyar da ko uwarta ba a haifa ba a lokacin. Waɗanda suka san yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, don haka bari in faɗa.

Kaka ita ce ta haifi Babanmu. Daga ƙasar Barno aka kawo ta Kano tana amarya, cikin ayarin fatake masu kanwa, tun jirgin ƙasa bai iso ba. A danginsu akwai wata al'ada. Ranar da 'ya mace za ta bar gida, uwarta ko kakarta za ta haƙo saiwar moɗar gidan da hannunta, ta naɗe a tsumma, ta danƙa mata, in ta isa gidan miji ta dasa. Ba magani ba ne, ba tsafi ba ne. Kaka ta ce abin da ake nufi kawai shi ne, abin da ya rayu a can zai rayu a nan. Haka uwarta ta yi mata. Ta dasa tata a gefen ɗakin da aka fara sauke ta. Da gida ya yi ta ƙaruwa ta ciki, sai wurin ya zama filin da ke tsakanin zaure da shigifa, inda samarin gida suke da ɗakuna. Moɗar ta cika kusurwar nan ta yi duhu.

Na san ta kamar yadda na san fuskar Innarmu. Faɗin ganyenta ya kai tafin hannu, ga kauri, kore mai duhu da ratsi-ratsin toka. A gefen kowane ganye kuma akwai wani siririn jan layi mai tauri, kamar an bi shi da lalle. Kaka takan yanki ganye ta kankare shi ta fitar da zare ta tufka kirtani. In kunnen yaro yana ciwo ta gasa ganyen ta matse ruwan ta ɗiga masa. Maƙwabta ma suna aikowa a yankar musu, ba ta taɓa hanawa ba. Saiwar ce dai ba ta bayarwa, don tana da mai ita.

Mai ita kuwa ni ce. Allah bai raya wa Kaka 'ya mace ba, maza ne suka tsaya. Jikoki ma aka yi ta jero maza har aka zo kaina, aka sa mini sunanta. Tun ina rarrafe take ce mini takwara. In mun wuce ta kusurwar nan sai ta nuna da sandarta ta ce, "Takwara, ga rabonki can yana jiranki." Tsumman da uwarta ta naɗe mata saiwar ma yana nan, wani yankin baƙin saƙi da ya koɗe, a can ƙasan adudunta. Ta sha ciro shi ta nuna mini ta mayar. Tun tana amarya take jiran ranar da za ta sake naɗe wani abu a cikinsa, har gashinta ya yi fari, har yanar tsufa ta rufe mata ido.

Shekarar da abin ya faru ana ta maganar mulkin kai a gari. An sa ranar aurena bayan damina, da wani malamin makaranta da nake so yake so na. A shekarar ce kuma Yaya, babban wanmu, ya sami aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa. Ya sayi keke, ya ɗaura agogo, tafiyarsa ma ta canza. Babanmu ɗan kasuwa ne, yana sarin atamfa wurin Larabawa kwara a Kantin Kwari yana sayar wa 'yan ƙauye, mutum mai sanyin hali. Tun ranar da ya ji ɗansa yana magana da Bature ba tafinta ya sallama masa gidan. In Yaya ya ce rana ta fito daga yamma, Baba zai ce to, su ne suka yi karatu.

Wata Lahadi da bazara Yaya ya ce in biyo shi Sabon Gari in riƙe masa kwanon dambun nama da Inna ta yi wa matar babban akawunsu. Yana tura keke ina binsa a baya. Daga Fagge zuwa can ba nisa, amma kana tsallakawa ka san ka shiga wani wuri dabam: tituna a miƙe, ƙamshin manja, garmaho yana tashi daga tagogi, mata da manyan ɗaurin kai suna dawowa daga coci. Babban akawun mutumin Ikko ne. Gidansa yana da baranda, an jera garewanin kananzir da aka shafa wa fenti, kowace da shuka a ciki.

Matarsa mutuniyar kirki ce, ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Ta karɓe mu da fara'a, ta ga Yaya yana kallon shukokin sai ta shiga zagayawa da mu tana nunawa. Akwai wata moɗa mai mulmulallen ganye kamar ƙaho. Akwai kuma wadda ta fi ji da ita, a tsakiyar baranda, mai faffaɗan layi ruwan ɗorawa a gefen kowane ganye. Ta ce kukun wani Bature ne ya ba ta. Da muka zaga baya inda Yaya ya jingine kekensa, sai ga wata moɗar a bakin kwata kusa da wurin wanka, kore da ratsin toka, ba garwa ba fenti. Matar ta nuna ta da baki ta ce da irin Hausarta, "Wannan na daji ne. Ba ya hawa baranda."

Na buɗe baki zan ce ai muna da wadda ta fi duk waɗannan, sai Yaya ya take mini ƙafa. Na ɗaga kai na dube shi. Kunya ce a fuskarsa, kunya sosai, kamar an ce masa an ga uwarsa tana tallan ƙuli a tasha. A nan na gane akwai magana.

Muka koma baranda ya shiga zaɓe kamar mai zaɓen ragon layya. Ya shafa wannan, ya ja da baya ya karkata kai ya dubi waccan. Mai ƙahon ya ce ba ta da kwarjini. A ƙarshe ya tsaya kan mai ruwan ɗorawa, ya roƙi iri. Matar ba ta son ta tone garwarta, sai ta ɗauko wuƙa ta yanko masa ganye biyu, ta ce ya gutsuttsura su ya soke a yashi, za su yi saiwa su haifi 'ya'ya. Ya karɓa da hannu biyu har da rusunawa.

A hanya na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, wallahi ta Kaka ta fi wannan kauri da kyau."

Ya ce, "Ke me kika sani? Ba ki ga inda masu ilimi suke ajiye irin taku ba? Bakin kwata."

Na ce, "Irin tamu dai. Kuma ba iri ɗaya ba ce da waccan, tamu jan gefe gare ta."

Ya ce in rufe masa baki ko ya bar ni a nan. Na rufe, amma har muka iso gida ban daina hararar ƙeyarsa ba.

Dama yana da niyyar gyara ɗakinsa da ke filin nan, ya yi masa rufin kwano da baranda, don abokan aikinsa su riƙa zuwa. Da yamma muna zaune a tsakar gida sai ya tsuguna gaban Kaka ya soma wasan jika. Ita takan ce masa Maigida, shi ya ce mata amarya, kullum cikin tsokanar juna suke. Ya ce, "Amarya, zan sake miki kayan ɗaki. Ciyawar nan taki ta tsufa kamar mai ita, na samo sabuwa 'yar birni."

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Maigida, ranar da ka taɓa ta, ranar za ka ba ni takardata in koma gidanmu."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Bayan sallar magariba na sami Baba a zaure na ce masa Yaya fa da gaske yake. Baba ya ce, "Uwata, wasa ne tsakaninsa da kakarsa, ina ruwanki?" Uwata yake ce mini saboda sunan da nake ɗauke da shi. Na ce ni dai na faɗa. Ya ce ya ji, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ba a jima ba matar ƙanen Baba ta haihu a Rijiyar Lemo. Kaka ta ce sai ta je ta tsaya kan wankan jego, ni kuwa ni ce idonta, don haka tare muka tafi. Muka zauna har aka sha suna.

Ranar da muka dawo, ina riƙe da hannunta muka ratsa zaure. Ina fitowa filin na tsaya cak. Kusurwar nan ta yi fayau. An daɓe ta da siminti sumul, an kafa ginshiƙai, an ɗora kwano. A bakin barandar ga garewani an shafa musu koren fenti, an cika su da yashin magina, an soke guntayen ganyen Sabon Gari a ciki. Ko ɓurɓushin moɗar Kaka babu.

Kaka ta ce, "Takwara, me ya tsayar da ke?" Ta saki hannuna ta taka da kanta, don ta san wurin ko da ido rufe. Ta miƙa sandarta inda ta saba jin ganye, sandar ta bugi siminti ta yi ƙara. Ta sake bugawa gaba kaɗan. Ta bi kusurwar duka tana ƙwanƙwasawa. Sannan ta tsaya ta ce, "Maigida ya yi gini." Ta juya ta shige ciki, ba ta nemi hannuna ba.

Ni kuwa na yar da ƙullin kayanmu na fita da gudu. Na san moɗa ba ta da saurin mutuwa, in na sami ko guntun saiwa ne zai tashi. Inna ta ce leburori sun kwashe sun zuba a bola. Na je bolar unguwa na tarar an share ta ƙal. Lokacin kai taki gona ne, masu jakai sun zo da mangaloli sun kwashe komai. Na tambayi mai shayin da ke kusa ko ya san gonar da aka kai. Ya ce, "'Yan mata, jakai nawa ne suka zo nan? Wasu sun yi arewa, wasu sun yi gabas." Na tona ƙasar wurin da hannuna har farcena ya karye, ban sami komai ba sai fasassun kasake.

Da la'asar Yaya ya dawo yana kaɗa ƙararrawar keke. A bakin barandar tasa na tare shi. Ban gaishe shi ba.

Na ce, "Ina moɗar Kaka?"

Ya ce, "Ai na faɗa mata. Kina wurin. Dariya ta yi."

Wannan amsar ita ce har yau take ƙona mini rai. Da ya ce ya manta, ko ya ce magina ne suka yi ba da saninsa ba, da da sauƙi. Amma ya san abin da yake yi. Ya san in ya tambaye ta da gaske za ta hana, shi ya sa ya tambaya cikin wasa, don in ta yi dariya ya ce ta yarda. Ya ɗauki wasan da tsohuwa take yi da shi don ƙauna ya mayar da shi izini. Sannan ya jira sai da muka bar gidan.

Na ce masa, "Kai ba ɗan boko ba ne, matsoraci ne. Ka ji kunyar kakarka a gaban matar da ba ta ma san tana duniya ba. Abin da aka ɗauko tun daga Barno a kan jaki bai mutu ba sai a hannunka. Nawa ne, ni aka ajiye wa, wa ya ba ka?"

Ya ɗaga hannu, Inna ta shiga tsakani. Ba shi ta yi wa faɗa ba, ni ta ja ciki tana cewa yarinyar da aka sa wa rana ba ta ɗaga murya har a ji a waje, me dangin miji za su ce. Da Baba ya dawo na zaci ko sau ɗaya zai buɗe baki. Ya tsaya ya dubi simintin, ya shafa gemu ya ce, "To, aikin gama ya gama. Ciyawa ce, Allah ya ba mu haƙuri." A kan uwarsa fa ke nan. Allah ya jiƙan Baba, amma ranar na ji haushinsa fiye da na Yaya.

Kaka ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma sake ta da maganar ba. Abu ɗaya ne ya canza. Daga ranar ba ta ƙara ce wa Yaya Maigida ba. In ya zo gaishe ta ya ce amarya, sai ta ce, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka," kamar tana amsa wa baƙo. Tun yana maimaitawa har ya daina.

Don a ƙara mini takaici, ni aka ɗora wa ba garewanin ruwa, tunda shi yana wurin aiki. Ina zubawa ina fatan su ruɓe. Ba su ruɓe ba. Damina ta sauka, guntayen ganyen suna nan tsaye a yashi da ruwan ɗorawarsu, ba su ƙaru ba ba su ragu ba. Abokansa in sun zo suna zama a kujerun katako suna shan shayi, yana nuna musu yana cewa su jira su ga 'ya'yan, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wajen ƙarshen damina toho ya fara leƙowa daga yashi. Yaya yana tsugunawa safe da yamma yana dubawa. Tohon ya buɗe, ganye ya miƙe, sai ga shi kore da ratsin toka, ko ɗigon ruwan ɗorawa babu. Na biyu ya fito, haka. Duk garewanin haka. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sak irin wadda muka gani a bakin kwata.

Sai daga baya, a gidan mijina, na gane dalili, don na gwada da hannuna ba sau ɗaya ba. Moɗa mai ruwan ɗorawa in ka dasa ganyenta ba ta haifar irinta, kore take bayarwa. In kana son layin ya biyo sai ka raba saiwa. A lokacin ba wanda ya san haka a cikinmu, har ita matar da ta ba shi. Yaya ya yi ta huci yana cewa an cuce shi, amma ina zai iya zuwa ya tuhumi matar maigidansa? Ya shiga borin kunya, kowa ya taɓa sai faɗa. Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan na ci tuwo da daɗi.

Daɗin bai daɗe ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanen Baba ya biyo, ya tsaya a barandar ya ƙura wa garewanin ido. Sai ya tafa hannu ya ce, "Ikon Allah! Wannan ai moɗar tsohuwa ce ta dawo! Saiwarta ce ta saura a cikin ƙasar da aka zuba." Baba ya matso ya duba ya kama salati. Kafin a jima gida ya ɗauka, mata suna leƙowa ta shigifa, maƙwabta suna shigowa kallo. An binne ta da siminti ta ƙi mutuwa, ta kori baƙuwa ta karɓe wurinta.

Na dubi Yaya. Shi da hannunsa ya cika garewanin nan da yashin da aka kawo daga rafi, ba ƙasar kusurwa ko cikin cokali. Ni kuma da nake ba su ruwa na sha tone gefe na ga tohon manne da gindin guntun ganyen Sabon Gari. Ya sani, ya kuma san na sani. Amma faɗuwa ta zo daidai da zama. Maimakon a ce akawu ya zaɓo shuka ta ba shi kunya, gara a ce karama ce ta faru a barandarsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah mai iko. Ashe rabon ƙanwata ne ya tsaga."

Shi da kansa ya shiga ya riƙo hannun Kaka ya fito da ita. Ya ce, "Amarya, zo ki ga abin mamaki, kayanki sun dawo." Aka ajiye mata kujera 'yar tsugune, aka matso da garwa gabanta. Filin ya cika da mutane. Ta miƙa hannu ta kama ganye ɗaya, ta bi shi daga gindi har tsini, ta sake bin gefensa da babban yatsa. Ta daɗe tana yi. Ban san iyakar abin da yatsun suka gaya mata ba. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Ina takwara?"

Na ce, "Ga ni, Kaka."

Ta ce, "Ke ce idona. Duba mini gefen ganyen nan. Akwai jan layin?"

Inna tana ƙifta mini ido daga bakin shigifa. Baba ya ce a hankali, "Uwata." Yaya kuwa ya kafe ni da ido, rabi gargaɗi rabi roƙo. Kalma ɗaya suke so in faɗa kowa ya huta. Ni kuwa tun da idonta ya rufe ban taɓa ce mata ga rami inda babu ba, ban taɓa ce mata hanya lafiya inda akwai rami ba. Ba zan fara ranar don in wanke wanda ya yi ɓarna ba.

Na ce, "Babu, Kaka. Kore ne har baki. Ba taki ba ce."

Ta saki ganyen. Ta ce, "To." Ta dafa kafaɗata ta miƙe, na mayar da ita ɗaki.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ban yafe ba har tsufana. Gidan duka ya juyo kaina. Ni ce mai baƙin ciki, ni ce marar tausayi, ni ce na hana tsohuwa farin ciki a ƙarshen rayuwarta. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Ƙanen Baba ya ce toho ne, in ya girma jan zai fito, yarinya ce take gaggawa. Wanda ya sa diga ya tone, ya sa aka zubar a bola, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi ya zama mai neman gyara, ni na zama mai ɓatawa. Labarin karama kuwa ya ci gaba da yawo a unguwa kamar ban yi magana ba. Ganyen ya girma har ya kai ƙugu, jan bai fito ba, ba kuma wanda ya sake dubawa.

Ranar da za a kai ni, da la'asar, an gama yi mini wanka an lulluɓe ni, aka shigar da ni ɗakin Kaka sallama. Mata sun cika ɗakin. Ta sa aka jawo mata adudu, ta zura hannu har ƙasa ta ciro baƙin saƙin nan, ta shimfiɗa a cinyarta tana gyara shi da tafin hannu. Sai ga Inna ta shigo da toho guda da saiwarsa, Yaya ya ciro daga garwa ya aiko. Ta ɗora a kan tsumman ta ce, "Ga shi, Kaka, sai ki naɗe mata."

Kaka ta lalubo tohon, ta ɗauke shi ta ajiye a ƙasa gefen tabarma. Ta ninke tsumman yadda ake ninke shi in da abu a ciki, gefe kan gefe, ta ɗaure shi da kirtanin da ta tufka tun moɗarta tana raye. Ta lalubo hannuna a ƙarƙashin mayafi ta danƙa mini, ta rufe da nata hannun. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ta ce, "Takwara, abin da uwata ta ba ni, ga abin da ya rage. Ki yafe mini, ban iya tsare miki ba."

Ita ce take neman gafara. Tsohuwar da aka yi wa ta'asa ita ce ta ce a yafe mata, wanda ya yi kuwa yana waje cikin babbar riga yana karɓar barka. Matan da ke ɗakin suka ce kukan amarya nake yi, suna ta ba ni haƙuri wai kowa da haka ta saba. Ba su san kukan haushi ba ne.

Kaka ba ta ga damina ta gaba ba. Yaya ya rayu ya tsufa, ya yi Alhaji, ya yi jikoki, Allah ya jiƙansa. Mun yi zumunci, na je sunan 'ya'yansa, ya zo na nawa. Amma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma duk 'yar da zai aurar sai ya ɓallo mata daga garewanin nan ya ce moɗar Kaka ce daga Barno. Yanzu tana gidajen zuriyarmu ko'ina, kowa yana alfahari da ita, 'yar barandar Sabon Gari.

Na sha ganin mai jan gefe bayan haka, a bakin rafi, a gidajen mutane. An sha cewa in ɗiba in dasa. Me zan yi da ita? Ba irin ne ya ɓace ba, wadda uwar Kaka ta haƙo da hannunta ce ta ɓace.

Duk wannan na zayyana wa jikar yayana, tana zaune da waya a cinya. Da na gama ta ce, "To Hajiya, wacce zan zaɓa?" Na ce ta zaɓi duk wadda ta yi mata kyau, in mai ruwan ɗorawa ce ta tabbata an ba ta da saiwa. Ta babban gida ma in tana so ta ɗauka, shuka ba ta yi laifi ba, amma kada ta kira ta da sunan Kaka. Sannan na sa ta jawo mini akwatina, na ciro ƙullin na ɗora mata a hannu. Ta juya shi, ta matsa, ta ce, "Hajiya, ai ba komai a ciki."

Na ce, "Haka aka ba ni."